Sodiyam Mai Guda Ɗaya

A garin ƙwayoyin zarra, can inda ido ba ya kaiwa, kowa na yawo da 'yan duwatsun da ake kira ilektiron, jere a zobba kewaye da shi. Ba mai samun natsuwa sai zobensa na waje ya cika takwas.

Akwai wani mai girman kai, Sodiyam, guda ɗaya tal gare shi a waje, ga takwas cif a ƙarƙashi. Maƙwabciyarsa Kulorin tana da bakwai.

Ta ce, "Malam, ba ni ɗayar nan. Ni in cika, kai takwas ɗinka su fito, kowa ya huta."

Ya ce, "Ni in bayar? Ke dai kawo bakwai ɗinki!"

Ta ce, "Ɗaya ta gagare ka riƙo, ina bakwai?"

Iska ta nemi ƙwace ɗayar, ya gudu. Ruwa ya nemi ƙwace ta, ya gudu. Ƙarshe ya faɗa tulun kananzir ya ɓuya. Kullum Kulorin sai ta leƙo ta ce, "Mai dukiya, yaya ƙamshin gida?"

Da wari ya ishe shi, ya fito ya jefa mata ɗayar. "Ungo! Kada in ƙara ganinki!"

Ai kuwa nan take cajin lantarkinsa ya zama fositif, nata negatif, masu jan juna kamar maganaɗisu, suka manne kam. Ya ja, ya ja, ina! Suka zama gishiri.

Har yau yana cikin kowace miya, liƙe da ita. Ana yabon gishiri, ba mai tambayar sunansa.