Siffar da Alois Ya Toshe wa Rami

Ƙararrawar coci ta buga ta magariba, Kreszenz tana zuba miyar dankali, sai ga gutsuren farar ƙasa ya faɗo cikin tukunya. Ta ɗaga kai. Rufin lafiya lau. Na biyu ya fasa fitila.

Mijinta Alois, shekara talatin yana zuba wa jami'ar Munich siffofin farar ƙasa, masu lanƙwasa da ƙaho da wuya, waɗanda malaman lissafi ke ɗaga wa ɗalibai. 'Yarsu Burgl ce ke zana layukan jikinsu da allura. Masu wannan sana'a tun kakanni suna barin ɗan rami a gindin kowane zubi, domin ƙasar daga dutse ake haƙo ta, kuma dutse yana da masu shi. Abin da ya biyo ƙasar, ta nan yake fita. Amma wani farfesa ya ba shi aikin wata siffa mai layi ashirin da bakwai, ya ce baje koli za ta je, ba ya son tabo ko a gindi. Alois ya toshe ramin. Namiji in mai tabarau ya yaba masa, ya daina jin maganar kowa.

Kwana tara ana jifa, kullum da faɗuwar rana. A na goma Burgl ta daina magana. Tana zaune tana karce tebur da allura, layi bayan layi, har yatsunta suka yi jini.

Kreszenz ta ɗauko limamin cocinsu, Fada Emmeram, tsoho mai ilimin irin waɗannan abubuwa. Ya yayyafa ruwa, ya daɗe yana karatu, sannan ya ce, "Wane ne kai?"

Bakin Burgl ya buɗe, muryar ba tata ba. "Mace ce. Ɗana yana cikin farin abin can. Mai gidan nan ya riƙe nawa, na riƙe tasa."

"In an huda gindin fa?" in ji Fada.

"Da can ya isa. Yanzu ya girma a ciki. Sai an fasa."

Fada ya dubi Alois. Alois ya dubi siffar. Wata bakwai ya yi a kanta.

"Fada," ya ce a hankali, "ran Asabar za a zo ɗauka. Ba za ta iya jira a dawo daga baje kolin ba?"

"Maimaita, Alois," in ji Kreszenz. "Ban ji da kyau ba."

"Sati uku ne kawai, Kreszenz. Ke me kika sani game da wannan aikin?"

"Ba komai. Haihuwa na sani."

Ta ɗauki ƙarfen tona wutar murhu. Bugu ɗaya, siffar ta tarwatse. Wani abu mai sanyi ya wuce ta gefen ƙafarta, ƙofa ta buɗe da kanta, ta rufe. Burgl ta kife a kan tebur tana tari.

Alois ya durƙusa yana tattara gutsattsarin a cikin hularsa.

Da yarinyar ta farfaɗo, ta daɗe tana kallon bayan ubanta. Ashe duk tana ji. Ta ajiye allurar kusa da gwiwarsa.

"Sati uku ne kawai, Baba," ta ce.

Ba ta ƙara zana masa layi ba, kuma Kreszenz ba ta taɓa ce mata ta yi haƙuri ba.