Haƙoran Da Ke Cikin Kofi

Ni na riga kowa gani, tun kafin likita ya ce uffan! Jikata na shekara uku, haƙora biyu kacal suka tsiro mata, masu tsini irin nawa. Na ce ciwon gidanmu ne: baki a bushe, jiki ba gumi, sauran haƙoran ba za su zo ba.

Ta girma, ta zama tela, aka yi mata haƙoran roba. Ranar da za a kawo yayar saurayinta shago ta gan ta, dasashinta ya dame ta da zogi, sai ta cire haƙoran ta sa a kofi bayan labule, ta ɗan fita.

Ta dawo, kofi wayam!

Ta dubi abokiyar aikinta, wadda ta daɗe tana kwaɗayin saurayin.

"Kin ga wani abu a nan?"

"Abu kamar me, 'yar uwa? Faɗi sunansa mana..."

Sai ga sallama. Saurayin ne, mai gyaran keken ɗinki, da yayarsa. Jikata ta ja mayafi ta rufe baki. Shi kuwa murmushi yake. Ko da shi aka haɗa baki?

"Amarya ba ta magana ne?" in ji yayar. "An ce min akwai abin da kike ɓoyewa."

"Wa ya ce, Yaya?"

"Buɗe dai mu gani."

Ta sauke mayafin. Ta buɗe.

"Innalillahi! Gado ne?"

"Gado ne. Likita ya ce yana iya bin 'ya'yana." Ta juya ga saurayin, hawaye na zuba. "Kai ka sa aka ɗauke min haƙoran?"

"Ni? Haba, rabin raina! Tun zuwana na farko na san na roba ne. Duk telan duniya da haƙori take tsinke zare, ke kaɗai kike neman almakashi."

"Ka yi shiru?"

"Jira nake ki yarda da ni."

"To 'ya'yan fa?" in ji yayar.

"Mu kai su likita da wuri, Yaya. Kakanta bai tsufa da abinsa ba?"

Ni ke nan yake nufi!

Abokiyar aikin ta zaro haƙoran daga jakarta, wai tsinta ta yi. Yayar ta watsa mata harara, ta karɓa, ta wanke da hannunta, ta miƙa wa jikata.

An ɗaura aure, ni na ba da ita. Mai musu ya sayo nama ya zo, mu ga wa zai riga wani cinyewa!