Hannun Inna Uwa

Ummu Salma na zaune a tsakar gidanta a Kazaure tana tsinke zogale, sai ga jarka ta huɗu ta iso daga Gwiwa. Ba sai ta buɗe ba, ta san abin da ke ciki: jiƙon saiwoyi ne daga surukarta, Inna Uwa, na tayar da kwantaccen ciki.

Shekara uku ke nan da aurenta da Jalaluddeen, auren soyayya, ita malamar firamare 'yar Barebarin Babura, shi ɗan fari a gidan Fulani masu shanu. A shekara ta biyu cikinta ya fara tasowa, dangi suka hau murna a ɓoye. Kunyar cikin fari ta hana kowa tambaya, ita ma ta hana ta magana. Wata tara ya wuce, sha biyu ya wuce, babu naƙuda, sai jinin al'ada mai kwana goma yana zuba, har jiri ya riƙa ɗibarta a gaban allo. Inna kuwa daga Gwiwa ta yanke hukunci, ko kallon cikin ba ta taɓa yi da kyau ba: jinin ne ya kwantar da shi, jikanta barci yake yi.

Ran da Ummu Salma ta faɗi a aji Jalal ya kai ta asibiti. Bayan an yi hoto, Dakta Zara ta juyo musu da na'urar.

"Babu ɗa a nan. Ƙari ne a jikin mahaifa, guda uku, babban ya kai gwanda. Ba ciwon daji ba ne, kar ki tsorata. Sinadaran da ke juya al'adar mace ne ke ciyar da shi, naki kuma sun ɗan rikice."

"Dakta, zogale da su ganye fa?" in ji Jalal. "Na ji ana cewa suna narkar da irin wannan ƙarin, wato faibiroid."

"Ta ci zogale, ta ci hanta da alayyahu, za su taimaka wa jininta. Zan ba ta ƙwayoyin rage zubar. Da ƙanana ne, da mun tsaya nan muna lura. Amma wannan ba ganyen da zai narkar da shi. Tiyata za mu yi, mu cire ƙarin mu bar mata mahaifarta. Ku biyun za ku sa hannu."

Ummu Salma ta yi kuka a ranar, ba don wuƙa ba, sai don ita ma a ƙasan ranta ta so maganar Inna ta zama gaskiya.

Jalal ya kai labari Gwiwa, ya dawo fuska a murtuke. Sai da ta matsa masa ya faɗa.

"Cewa ta yi so ake a yanka mata jika a ciki. In na sa hannu, wai ba ta yafe min nonon da na sha ba." Ya ɗago ido jajir. "Salma, zan sa. Ba zan zuba ido jini ya ƙarar min da ke ba."

Wani alfahari ya cika mata ƙirji, don ta san abin da kalmar nan ta uwa take nufi a wurin mutum irin Jalal. Amma ta girgiza kai.

"Ba zan warke da bakin uwa a kanka ba. Gobe ka kai ni wurinta."

"Ke? Kin taɓa yi mata maganar da ta wuce gaisuwa?"

"Matsalar ke nan ai."

Da hantsi suka iske Inna a garke, ta dunƙule hannu tana danna kwiɓin wata saniya. Shekara arba'in tana wannan aikin. Daga Roni ma zuwa ake ɗaukarta ta taɓa saniya ta faɗi ko da ɗa a ciki, ba ta kuma taɓa kuskure ba. Da ta hango su sai ta kau da kai, kamar yadda ta saba yi wa ɗan farinta da matarsa.

Ummu Salma ta ce Jalal ya tsaya a nesa. Ta cire takalmi, ta durƙusa ta yi gaisuwa, sannan ta ce, "Inna, alfarma na zo nema. Ki taɓa ni."

Tsohuwa ta zabura. "Wane irin rashin ta-ido ne wannan? Ku Barebari dai ba ku gaji kunya ba."

"Kunyar ce ta kawo mu nan, Inna. Wata goma sha huɗu ina shan jiƙonki, ban taɓa zubar da ko kofi ɗaya ba. Ba ki yarda da hoton likita ba, to ni na yarda da hannunki. In kin ji ɗa, na fasa tiyata, ko da jinin nan zai zama ajalina."

 Inna ta goge hannu da gefen zane, ta ja Ummu Salma cikin ɗaki. Ta danna dama, ta danna hagu, ta jira, ta sake dannawa. Ummu Salma na kallon yadda fuskar tsohuwar ke sauyawa a hankali.

"Ɗa gocewa yake yi ya dawo ya bugi hannu," in ji Inna, kamar da kanta take magana. "Wannan tauri ne da shi kamar rogo. Ga wani nan ma." Ta ja fatar idon Ummu Salma ƙasa, ta gan ta fara fat. Hawaye ya zubo wa Inna. "Saniyata ba zan bari ta kai haka ba. 'Yar mutane, ki yafe min."

Ta fito ta tsaya a bakin ƙofa, ta yi abin da ba a taɓa jin ta yi ba tun da ta haife shi: ta kira sunansa.

"Jalaluddeen! Je ka sa musu hannu. Na janye maganata."

Ranar tiyata likita ta nemi a tanadi jini. Inna ta tattaro samarin gidanta biyar, ta jera su a benci, ta tsaya a kansu har aka ɗibi na waɗanda ya dace. Aka cire ƙari, aka bar mahaifa. Wata biyu Inna na Kazaure tana dama fura da dafa hanta, tana yi wa Ummu Salma tsiya cewa yanzu jinin Fulani ya yi wa na Barebari yawa a jikinta.

Dakta Zara ta ce su dakata kafin su nemi ciki, ba ta kuma yi musu alkawarin komai ba. Suka dakata, suka yi haƙuri, al'ada ta dawo daidai, Ummu Salma ta koma aji da ƙarfinta. Sai a shekara ta biyu Allah Ya kawo rabo.

Kunya ado ce, amma ba a rufe ciwo da ita, kuma biyayya ga iyaye ba ta hana a gaya musu gaskiya cikin ladabi. Haƙurin Ummu Salma bai zama na zaman jiran mutuwa ba, shi ya sa ta tsira da lafiyarta, da mijinta, da albarkar uwarsa.

Da cikin ya kai wata shida, Inna ta zo da kanta, ba aike ba jarka. Ta ɗora hannu a kan cikin ba tare da an roƙe ta ba, ta danna a hankali. Sai ga wani abu ya goce, ya dawo ya bugi tafinta.

Inna ta ɗago tana dariya da hawaye. "Wannan kam idonsa biyu."