Lamba Mai Ɗaya Shida

Wata yarinya ce 'yar aji shida a wata makarantar firamare a Karewa, cikin Jimeta. Kowa ya san ta da ƙoƙari a lissafi, ita ma ta san da haka.

Ran nan Malam Apollos ya koya musu irin lambobi. Ya ce akwai cika, wadda biyu ke raba ta daidai. Akwai mara, wadda biyu ba ya raba ta. Akwai kuma marar rabuwa, wadda babu mai raba ta sai ɗaya da ita kanta.

Kan yarinyar ya ɗaure. Mara? Marar rabuwa? Ba abu ɗaya ba ne?

"Kun gane?" in ji Malam.

"Mun gane, Malam!" Muryarta ta fi ta kowa ƙarfi.

Malam ya rubuta 111,111 a allo. "Gobe ku gaya mini ko tana rabuwa."

Kusa da yarinyar akwai Yelwa, sabuwar ɗaliba daga Malkohi. Yelwa ba ta taɓa magana a aji ba saboda kunya. Da aka tashi ta ce, "Don Allah ki koya mini."

Yarinyar ta dubi lambar. Ko karanta ta ma ba ta iya ba. Amma ta ce, "Mai sauƙi ce. Mara ce, don haka ba ta rabuwa."

Washegari Yelwa ta ɗaga hannu a karon farko. Ta faɗi amsar da ƙarfi.

"Ba haka ba ne," in ji Malam.

Wasu yara suka fashe da dariya. Yelwa ta kifa kai a benci tana hawaye.

A gida yarinyar ta kasa cin abinci. Ta ba mahaifiyarta labari.

"Ke kin gane darasin?" in ji mahaifiyar.

"A'a, Dada."

"To, me ya hana ki tambaya?"

"Kar a ce ban iya ba."

"Ga shi kin sa an yi wa wata dariyar da kike gudu."

Da safe yarinyar ta miƙe a aji. "Malam, ni na koya wa Yelwa kuskure. Ban gane ba."

Malam ya yi murmushi. "Tara mara ce?"

"Mara ce."

"Uku na raba ta?"

Ta ƙirga da yatsu. "Yana raba ta!"

"Kin gani? Ba kowace mara ce marar rabuwa ba. Yanzu haɗa ɗaya-ɗayan da ke cikin 111,111."

"Shida."

"In uku ya raba shida, zai raba babbar lambar. Yelwa, zo ki gwada."

Yelwa ta karɓi alli. A hankali ta samu 37,037, babu saura. Aji ya ɗauki tafi.

Yarinyar ta ba Yelwa haƙuri, suka zama ƙawaye. Tun daga ranar, in ba ta gane ba, sai ta tambaya. Ta koyi cewa tambaya ba abin kunya ba ce, kuma bai kamata mutum ya koyar da abin da bai sani ba.