Jifan da Ba a Yi Ba

Gari bai gama wayewa ba Nana Hadiza ta ɗora tukunyar dambu a tsakar gida, ɗiyarta Mahfuza na gefe tana dama fura a babbar ƙwarya. Maigidan, Malam Barau, yana zaune bakin rumbu yana wasa hauya. Ranar ce Sammani, saurayin Mahfuza, zai zo daga Zakka da abokansa su yi gayya a gonar bakin daji, kamar yadda mai neman aure ke yi wa surukansa a ƙasar Ruma.

Gonar nan ita ce abincin gidan, ita ce kuma fargabarsa. Tun da ɓarayin daji suka matsa, ba mai son rana ta karkata yana cikinta. Ganga ma an daina kai ta wurin gayya, kada a jiyo ta daga daji. Shi ya sa manomi mai sauri ya yi daraja fiye da da.

Malam Barau ba mai yabon mutum ba ne, amma a kan Sammani bakinsa ya buɗe. Ya ce ya yi noma da mazan jiya, waɗanda ake yi wa kiɗa su tsaga gona, bai ga mai hannun yaron nan ba. Nana Hadiza ta yi dariya, ta ce to shi ya kamata a kai ɗakin Sammanin, tunda ya fi amaryar zumuɗi. Mahfuza ba ta ɗago kai ba.

Ita ta san abin da ba su sani ba. Sau da yawa in ya zo zance, idanunsa jajur, yana susar hannu da wuya, yana cikin magana sai gyangyaɗi ya ɗauke shi. Wata rana da zai zaro waya, wani ɗan kati ya faɗo daga aljihunsa da jajayen ƙwayoyi a jiki. Ya ce a-ji-garau ne, maganin gajiya, kowane ɗan ƙwadago na sha. Ta roƙe shi ya bari. Ya ce sai bayan gayya.

Da hantsi ya ɗaga, 'yan mata suka kai abinci gona. Abin da suka tarar ya tsayar da su da ƙwarya a ka. Samari sun jeru, kowa da kunyarsa, amma Sammani ya baro su can baya. Bai miƙe ba, bai share zufa ba. Hauyar na tashi tana sauka kamar ba hannun ɗan Adam ke riƙe da ita ba, in ya kai ƙarshen kunya sai ya faɗa ta gaba ko numfasawa bai yi ba. Dattawan da ke gindin tsamiya suka zuba masa ido. Wani ya ce a hankali, wannan ko aljani sai haka. Malam Barau ya cire hula ya mayar, bakinsa na ta tasbihi.

Sai aka ga Sammani ya tsaya cak. Hauya ta suɓuce. Ya sandare, ya faɗi cikin gero, jikinsa na fizga, kumfa na fita daga bakinsa. Abokansa suka ja da baya, don an saba cewa yawun mai farfaɗiya na yaɗa ciwon. Mutum ɗaya ne ya ruga ya tallabe kansa, ya share masa baki da hularsa. Badaru ne, ɗan Mamman ƙanen Malam Barau, wanda ya taɓa neman Mahfuza ta ce ita tamkar yayanta ta ɗauke shi, ya haƙura.

Sammani ya farfaɗo, aka mai da shi Zakka a kan babur. Washegari uwarsa Zuwairatu ta iso Ruma da mayafi a kafaɗa. Ta ce kaf zuriyarsu ba mai farfaɗiya, wannan jifa ne, hassada ce. Ta tambaya wa ya ba ɗanta ruwa da safen ranar gayya. Aka ce Badaru ne ya miƙa masa gora. Ta tambaya wa ya fara taɓa shi da ya faɗi. Aka ce Badaru. Ta tambaya wa ya nemi yarinyar ya rasa. Kowa ya san Badaru ne.

Malam Barau ya yarda. Da idonsa ya ga baiwar, ya kuma san irin wannan baiwa ba ta rasa maƙiyi. Ya sa aka toshe ƙofar da ke tsakanin gidansa da na Mamman, ƙofar da tun mahaifinsu na raye ba a taɓa rufe ta ba. Ya ce aure ba fashi, da an kai amfanin gona rumbu za a ɗaura, mai baƙin ciki ya mutu. Mamman ya ce a kawo Alƙur'ani ɗansa ya dafa, wansa ya ƙi saurara. Badaru ya daina zama majalisa. Iyayen yarinyar da yake nema a Babban Duhu suka aiko masa ya dakata.

Da Sammani ya ji sauƙi ya zo zance bayan la'asar. Mahfuza ta fito, ba ta shimfiɗa tabarma ba. Bayan gaisuwa ta dube shi.

"Me ka sha ranar gayya?"

Ya sunkuyar da kai. "Ja ce. Tramol. Na ƙara a kan yadda na saba, don in burge Baba."

"To Yaya Badaru fa?"

"Ni ban ce shi ne ba."

"Ba ka kuma ce ba shi ba ne."

"Mahfuza, kin san halin Baba. Ɗan ƙwaya ba zai taka gidanku ba. Ki yi shiru, kaka ta kusa. A ɗaura, wallahi in daina."

Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba. "Allah ya sani ina son ka. Amma ɗakin da za a kafa mani gado a kan mutuncin ɗan'uwana, ba zan iya barci cikinsa ba. Ni ba zan faɗa ba, maganar bakinka ce. In ka yi shiru, zan ce wa Baba na fasa, ba kuma zan faɗi dalili ba."

Ta juya ta shige gida.

A Zakka Sammani ya gaya wa uwarsa abin da ke ransa. Ashe ta sani. Ta daɗe tana tsintar fankon katin in tana wanke masa kaya. Ta ce jifa ana karya shi da rubutu da addu'a, amma sunan ɗan ƙwaya har jikoki yake bi. Ta yi kuka, ta ce in ya tona kansa ita ya tona, ita da ta je har cikin gidan mutane ta nuna ɗansu da yatsa. Ya durƙusa ya ba ta haƙuri. Ta juya masa baya.

Ran Juma'a bayan an sauko masallaci ya zo zauren Malam Barau, ya roƙa a kira Mamman da Badaru. Da ƙyar aka kira su. Ya cire takalmi, ya gurfana, ya zaro sauran katin ya ajiye a kan tabarma.

"Baba, ga mai jifan. Ni na saya, ni na haɗiya. Noman da kuka gani ba nawa ba ne. Badaru bai yi mani komai ba sai alheri."

Malam Barau ya daɗe yana kallon katin kamar an ajiye masa kunama. Can ya ce, "Tashi ka tafi." Da yaron ya fita, ya juya wurin ƙanensa, ya roƙe shi ya yafe masa. Da hannunsa ya je ya buɗe ƙofar da ya sa aka toshe. Kafin magariba kuma ya sa aka mai da kayan auren Zakka.

Nana Hadiza ta gane ɗiyarta na da hannu a ciki. Ta ce ta ga masu kashe aurensu da hauka, ba ta taɓa ganin mai kashe nata da wa'azi ba. Ƙawaye suka yi ta zolayarta a bakin rijiya, suna ce mata Malama mai gaskiya, gaskiyar ta zo ta biya sadaki mana. Masu nema suka fara aike. Ta roƙi babanta ya ba ta lokaci. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ta rame, tana aikinta tana sallarta.

Abin da ya ba mutanen Ruma mamaki shi ne gidan da aka zalunta su suka tashi tsaye a kan Sammani. Badaru ya hau babur ya je Zakka, ya ɗauko Sammani ya kai shi asibiti a Batsari. Malamin asibitin ya ce tramol magani ne na ciwo mai tsanani, ba a ba da shi sai da takardar likita, shi ma ɗan ƙarami. Wannan ja da ake sayarwa a ɓoye ƙarfinta ya wuce abin da doka ta yarda, haramtacciya ce kamar ruwan tari mai kodin da tabar wiwi, wanda aka kama da ita gidan yari ne. Ya lissafo roci da di-faib da ekzol, ya ce duk na asibiti ne aka mai da su kayan maye. Badaru ya ce sunaye sai ka ce na 'yan ƙwallo. Malamin bai yi dariya ba. Ya ce ita jar in ta yi yawa takan kayar da mutum tamkar mai farfaɗiya, wani daga nan ba ya tashi. Ba a kuma yanke ta rana ɗaya, sai a hankali, ƙarƙashin kulawarsu.

Mamman ya ce yaron ba zai koma Zakka cikin abokan shansa ba. Ya ba shi zaurensa. Ya je ya gaya wa wansa cewa yaron da ya wanke masa ɗa da bakinsa, ya san zai rasa mata, ba abin yarwa ba ne. Malam Barau ya ce shi bai hana kowa yin alheri ba, amma kada a kawo masa zancen ɗiyarsa.

Duk da haka kullum da safe, in zai fita, sai ya leƙa zauren. Ya ga abin da bai taɓa gani ba. Ƙato kamar Sammani na kwance yana makyarkyata, zufa na tsattsafo masa cikin sanyin kaka. Hamma, hawaye, majina, ciki na gudu, ƙafafu na ciwo kamar ana tauna ƙashin. Barci ya ƙaurace masa. Da ya fara tashi ya bi mutanen gidan yankan dawa, dami ɗaya ya gagare shi ɗauka, mata suna kallo. Bai yi fushi ba, bai koma gida ba. Mahfuza na dama kunu ta ba matar Mamman ta miƙa, ko sau ɗaya ba ta leƙa ba.

Wata rana da hantsi Malam Barau ya ci karo da wani saurayi ɗan Zakka yana fitowa daga zauren, ya ce dubiya ya zo. Dattijon ya wuce gona. Da azahar ya dawo ya leƙa, ya tarar da Sammani zaune inda ya bar shi, jingine da bango, ya dunƙule hannun dama ya danne shi da gwiwa. Rigarsa ta jiƙe sharkaf. Haƙoransa na haɗuwa.

"Me ke hannunka?"

Da ƙyar yatsun suka buɗe. Ƙwayar ce, abokin ya saƙala masa ita wurin musabaha. Zufa ta narkar da ita, tafin hannun ya rine ja.

"Tun safe take kirana, Baba. Na kasa jefarwa, na kuma ƙi sha. Karɓe ta, ƙarfina ya kusa ƙarewa."

Malam Barau ya tsaya yana kallon hannun. Bai san akwai yaƙi irin wannan ba, wanda mutum zai yi a zaune, shi kaɗai, ba mai gani sai Allah. Ya ɗauki buta, ya tsuguna, shi da furfurarsa, ya kama hannun yaron ya wanke shi tas, ya cuɗa da ƙasa ya sake wankewa. Ya fita ya sami ƙanensa a ƙofar gida.

"Mamman, kai ne waliyyin Mahfuza. Ranar da asibiti suka sallame shi, ka sa rana."

Sai da rani ya yi nisa aka sallame shi. Kafin biki Zuwairatu ta zo da ƙafarta, ta durƙusa gaban uwar Badaru ta nemi gafara, suka yi kuka tare. Iyayen yarinyar Babban Duhu ma suka aiko Badaru ya dawo. Aka ɗaura auren Mahfuza da Sammani a ƙofar gidan Mamman, Badaru ne babban abokin ango. Da aka zo kai amarya, Nana Hadiza ta rungume ɗiyarta ta ce ta yafe mata maganganun da ta yaɓa mata, ashe yarinya ta fi ta hangen nesa.

Ƙwaya bashin ƙarfi take ba mutum, ta dawo ta karɓa da lafiyarsa da mutuncinsa, wani lokaci har da zumuncin waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Iyaye su bar rufa wa 'ya'yansu asiri da sunan jifa, asibiti za a kai su. Mai son ka da gaskiya kuwa shi ne wanda zai yarda ya rasa ka a kan ya taya ka ƙarya. Mahfuza ta yi haƙuri, Allah ya ba ta mijinta da hankalinsa.