Abin da Tani Ta Gani

Saura kwana goma sha biyu a ɗaura aure, gidan Malam Sabo da ke Gwaram ya cika da hayaniyar mata da ƙamshin suyar dubulan. Kowa na dariya, ban da amaryar. Munawwara tana zaune a bakin gado, ta naɗe hannuwanta cikin hijabi kamar mai jin sanyi, alhali rana ce tsaka.

Aka bankaɗa labule. Tani mai gyaran jiki ce ta shigo da ƙwaryar dilka a hannu. Tun daga Birnin Kudu ta zo, kuma Hajiya Ummussalma, mahaifiyar ango, ita ta turo ta don a san irin son da take yi wa surukarta.

"Amarya, cire mini wannan labulen! Dilka ba ta ratsa hijabi."

"Anti Tani, don Allah a yi mini fuska da hannu da ƙafa kawai."

"Fuska da ƙafa? Ke, an ce miki farfesun kai da ƙafa na zo dafawa? Amare nawa suka wuce ta hannun nan! Maza tuɓe, dilka na hucewa."

Munawwara ta dubi ƙofa. Babu hanyar gudu. Ta cire hijabi, ta cire riga. Da ta ɓalle rigar mama, sai wasu ƙullin tsumma biyu suka faɗo kan tabarma.

Tun tana da shekara goma sha huɗu take ɓoye wannan. Nononta ba su buɗe a gindi ba kamar na sauran 'yan mata. Sun fito sirara, dogaye, sun yi nesa da juna, baƙin kan ya yi faɗi ya kumbura, sun kuma rankwafo ƙasa, na hagu bai kai na dama ba. A makarantar kwana sai kowa ya tafi aji take wanka, ta gwammace bulalar makara. Shekara takwas ke nan ba wanda ta bari ya ga ƙirjinta, ita kanta kau da kai take yi in tana sa kaya.

Tani, mai bakin da ba ya hutawa, ta yi shiru. Ta shafa dilkar, ta murza, ta wanke, ba ta ƙara cewa uffan ba. Wannan shirun ya fi kowace magana tsorata Munawwara. Washegari da safe Tani ta ce 'yarta ba lafiya, ta tattara ƙorenta ta hau motar Birnin Kudu.

Kwana biyu bayan nan, ƙanin Hajiya Ummussalma ya sallama da Malam Sabo a ƙofar gida. Ya ce a ɗan ɗaga biki, akwai abin da ake dubawa. Bai faɗi ko mene ne ba, amma kafin la'asar maganar ta shigo gidan ta bakin mata: Tani ta rantse ƙirjin amarya na wadda ta taɓa shayarwa ne. Wasu har sun gano inda aka ɓoye jaririn, wai a wani ƙauye bayan Fagam.

Aka sauke kaskon suya. Mata suka zame ɗaya bayan ɗaya. Munawwara ta kifa kai a gwiwa tana kuka marar sauti, sai ta ji an zauna kusa da ita. Mahaifiyarta ce, Inna Safiyatu, fuskarta kamar an yi mutuwa.

"Auta, ki yafe mini. Ni na yi miki wannan."

"Inna, ke kuma me kika yi?"

"Kin manta muciya? Kina aji biyar na firamare kika fara ƙirgar dangi. Na ji tsoro kada idon maza ya dawo kanki, karatun da nake miki buri ya lalace. Wata tsohuwa ta ce in ɗumama muciya in riƙa danna miki, zai koma. Kwana bakwai na yi. Kina kuka ina dannawa! Da na hango yadda suka fito daga baya, na san hannuna ne. Wallahi tun ran nan ban taɓa tuƙa tuwo ban ji kukanki a kunnena ba."

Munawwara ta tuna zafin itacen, ta tuna warin hayaƙi. Ba ta taɓa haɗa wannan da wancan ba. Ita a ranta ta ɗauka haka aka tsane ta tun daga halitta. Uwa da 'ya suka rungume juna, kowacce na ɗauke da kayan da ɗayar ba ta san da shi ba, shekara da shekaru, a gida ɗaya.

Da hantsin washegari ango Musbahu ya iso a kan babur, ƙura har gira. Malamin gona ne, shekara uku yana neman Munawwara, tun ranar da ya zo duba gonar riɗin mahaifinta. Suka zauna a zaure, tabarma daban-daban.

"Na ji abin da ake faɗa," ya ce. "Ban zo tambayarki ba."

"Gara ka tambaya, Yaya Musbahu. Wanda bai tambaya yau ba, zai tambaya a zuciyarsa bayan shekara goma."

Ya sunkuyar da kai. Da idonta a ƙasa ta gaya masa komai: yadda halittar take, da tsumman, da muciyar. Kunya kamar ta nutse, amma ba ta rage ko kalma ba.

"Namiji bai taɓa riƙe ko hannuna ba. Amma abin da Tani ta gani, ta gani. In ka ga ba za ka iya ba, ba zan riƙe ka ba."

"Haba, Munawwara! Ni da nake zuwa tun daga Birnin Kudu a kan wannan akwalar, sau biyu tana ajiye ni a daji, yanzu ne zan fasa? Matsalata Hajiya ce. Ta ce in na auro ki, ba da yawunta ba. Kin san ba zan iya take maganarta ba, ba kuma zan iya barin ki ba." Ya ɗago kai ya dube ta. "Akwai likitar mata a babban asibitinmu, Dakta Na'ima. In kin yarda, mu je. Ba don ni ba."

"Zan je. Amma da sharaɗi: Hajiya ta zo ta ji da kunnenta."

Ranar Litinin suka kama hanya, ita da Inna. Gero ya nuna a gonaki, duwatsun Birnin Kudu suna ta matsowa, amma Munawwara ba ta ga komai ba. Tambaya ɗaya ke cin ta: in likita ma ta yi shiru irin na Tani fa?

Dakta Na'ima ba ta yi shiru ba. Ta duba ta a bayan labule cikin natsuwa, ta yi mata tambayoyi, sannan ta ce, "Sa kayanki, ƙanwata. Kin yarda Inna da Hajiya su shigo? Sirrinki ne, in kin ce a'a, ko hakimi ne ba zai ji daga bakina ba."

"Su shigo."

Hajiya Ummussalma ta shigo tana gyara mayafi, ta amsa gaisuwa a daƙile. Musbahu ya tsaya a waje. Kafin likita ta buɗe baki, Inna ta zube ƙasa.

"Hajiya, 'yata ba ta yi komai ba! Ni ce, da muciya mai zafi. In za a hukunta wani, ga ni!"

"Inna, tashi ki zauna," in ji Dakta Na'ima. "Danna wa yarinya abu mai zafi kuskure ne, yana ƙona fata, yana iya yin lahani, kada a ƙara yi wa kowa. Amma wannan da na gani ba aikin muciya ba ne. Ba kuma aikin shayarwa ba ne, Hajiya."

Ta jawo takarda ta zana. "Kun san yadda ƙwarya ke fitowa in an ɗaure ta da igiya tun tana ƙarama a jikin yaɗo? Haka wannan yake. Wasu mata ana haifarsu da wani zobe na nama mai tauri a gindin nono. In girma ya zo, zoben ya hana shi buɗewa, sai ya turo gaba ta inda ya sami sauƙi. Shi ya sa ya yi siriri, baƙin kan ya kumbura. Ba cuta ba ce, ba ta kisa, ba laifin kowa ba ne. Akwai mata da yawa haka, kunya ce take hana su zuwa."

Inna ta rufe fuska da gefen zane, kafaɗunta na girgiza.

"To ana gyarawa?" Hajiya ta tambaya, muryarta ta sauka.

"Ana yi, in mai jikin tana so. A Kano akwai likitocin da wannan ne fanninsu. Da farko ana tsattsaga zoben ta ciki don naman ya baje, a rage faɗin baƙin. Wata wannan kaɗai ya ishe ta. In naman bai wadata ba, sai a cike. Ko dai a sa wata jaka mai laushi ta silikon, wadda wata rana za ta iya buƙatar canji, ko kuwa a zuƙo kitsen jikinta daga ciki ko cinya a zuba a wurin. Shi kitse wani yana narkewa, sai an maimaita sau biyu ko uku. In fatar ta matse sosai, akan fara sa abin da zai miƙar da ita a hankali na wasu watanni."

"Dakta, shayarwa fa?" Munawwara ce ta yi tambayar, a hankali.

"Tambaya mai kyau. Ba zan ɓoye miki ba. Masu irin wannan halitta, wasu ruwan nononsu yakan yi kaɗan, ko an yi aiki ko ba a yi ba. Yanka a kusa da kan nono kuma yana iya ƙara rage shi, ko ya rage ji a wurin. Tabo ma zai zauna. Shi ya sa wasu ke jira sai sun haihu. Wasu kuma ba sa yi sam, suna zaman aurensu lafiya."

"A yi mata kafin biki," Hajiya ta ce da sauri. "Ko me ake buƙata, ni zan tsaya. Sai a rufe bakin mutane."

"Hajiya, ba ɗinkin anko ba ne da za a ba tela ya gama a kwana shida. Kuma ba ke za ki zaɓa ba, ba ni ba, ba ɗanki ba." Ta juya. "Munawwara?"

Munawwara ta ɗago kai ta dubi surukarta, karo na farko.

"Ina so a yi, Hajiya. Tun ina yarinya nake roƙon Allah a ce akwai magani. Amma ba yanzu ba. In aka yi mini aiki don a rufe baki, kamar na amsa laifin ne na ɓoye shaida. In za a karɓe ni, a karɓe ni yadda Allah ya yi ni."

Hajiya Ummussalma ta daɗe tana kallon zanen da ke kan tebur. Sannan ta miƙe ta fita. Musbahu ya bi ta da gudu yana kira, "Hajiya! Hajiya!" Munawwara da Inna suka koma Gwaram ba su san matsayinsu ba.

Kwana uku ba labari. Ranar da ya kamata a sa lalle, gidan ba kowa sai dangi na jiki. Da azahar sai ga mota ta tsaya a ƙofar gida. Hajiya ce, da 'yan uwanta mata cike da mota, da ƙwaryar lalle a hannunta. Ta aika a kira maƙwabta, duk waɗanda suka zame. Da tsakar gida ta cika, ta tsaya a tsakiya.

"Jama'a, ku saurare ni. Maganar da kuka ji a kan yarinyar nan, a ɗakina aka fara faɗinta. Tani ta kawo zato, ni kuma na ɗauka na ba shi ƙafa, ban bincika ba. Na je asibiti na ji da kunnena, ƙarya ce! Na yi wa 'yar mutane ƙazafi, ni mai 'ya'ya mata huɗu. Safiyatu, ki yafe mini. Munawwara, zo nan, 'yata."

Ta kamo hannunta ta zaunar da ita, ta ɗebo lalle ta shafa mata da kanta, hawaye na ɗiga cikin ƙwaryar. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, sauran suka ɗauka. Aka ɗaura aure ranar da aka sa tun farko.

Bayan shekara biyu da rabi, da ta yaye 'yarta Zahara'u, wadda ta shayar tana haɗa mata da madara bisa shawarar likita, Munawwara ta tafi Kano. Ta zaɓi a saki zoben a cike da kitsen jikinta, aka yi a zama biyu. Musbahu ne ya kai ta, Hajiya ta yi jinyarta.

Tabon tiyatar ya dushe cikin shekara guda. Amma har yau, in ta je biki Gwaram, takan ga mata biyu sun haɗa kai suna satar kallonta, don akwai kunnuwan da ƙaryar ta shiga, gaskiyar ba ta iske su ba. Takan gaishe su ta wuce.

'Yan uwa, jikin mace ba shaida ba ne a kan mutuncinta. Abin da ba mu gane ba, mu kai wa masu iliminsa kafin mu kai shi bakin duniya, mu kuma bar 'ya'yanmu su iya gaya mana abin da ke damunsu. Haƙuri ya mayar wa Munawwara mijinta da darajarta. Likita ya gyara abin da wuƙa ke iya gyarawa, amma abin da harshe ya yanka, har gobe ba a sami mai ɗinke shi duka ba.