Wanda Ya Ɗaga Hannu

Da la'asar sakaliya Mazlan ya sauke fasinjansa na ƙarshe, ya juya kan tasi zuwa bayan garin Seremban, ga sabon kwaɗon kulle ƙofa ajiye a kujerar gefe. Bayansa na ciwo kamar kullum. Tun yana saurayi yake tuƙi, yau ga furfura, kuma wallahi ya gaji, irin gajiyar nan da barci ba ya maganinta. Shi ya sa ya kwashe ɗan abin da ya tara, ya ƙara da rance, ya sayi wani gida da banki ya ƙwace ya sa a gwanjo. Don ya gyara, ya zuba 'yan haya, ya ajiye sitiyari ya huta. Burin ke nan, babu wani.

Shi kuwa gidan gwanjo ba a shiga a duba kafin a saya, ba a kuma ba ka makulli. Leƙe kawai ake yi ta kan shinge. Ranar da Mazlan ya je nasa leƙen, wani tsoho ya tarar a bakin ƙofa, ramamme, hannunsa na dama cushe a aljihu. Ya kira shi da Pak Cik, wato baba, yadda ake kiran dattijo a can.

"Pak Cik, gidan nan lafiya?"

"Lafiya ƙalau, ɗana. Ko yoyo ba ya yi."

A zauren gwanjo shi kaɗai ya ɗaga hannu. Da ya kai wa matarsa Rohana labari, sai ta taɓe baki, ta kira shi da Abang, yadda mata ke kiran miji a can. "Abang, duk 'yan kasuwar nan ba su gani ba sai kai?" Ya ce rabo ne.

Yau kuwa, Ah Fook, mai fasa makullin da ya kira, bai iso ba sai da rana ta yi ja a bayan gonar kwakwar manja.

"Haba Ah Fook, sai yanzu?"

"Maigida, tun safe nake fasa gidajen mutane. Ku ku saya, ni in sha zagi."

Ya tsuguna, ya datse tsohon kwaɗon, ya tura ƙofa da ƙafa. Sai ya tsaya. Ya shaƙi iska, ya sake shaƙa. Ya soma tattara kayansa ba tare da ya dubi Mazlan ba.

"Gidan da ya daɗe a rufe ba ya ƙamshin dafaffiyar shinkafa," ya ce ƙasa-ƙasa. "Ka biya ni gobe. Da rana."

Babur ɗinsa ya yi nisa, unguwar ta yi tsit, sai kukan kwaɗi a cikin kwata.

Ya kamata Mazlan ya bi shi. Amma gobe akwai tuƙi, jibi ma haka, yaushe zai sake samun lokaci? Ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya kunna fitilar waya, ya shiga. Ko sallama bai yi ba, don wa zai yi wa sallama a gidansa?

An yanke wuta tuntuni. Sai dai tayil ɗin falo tsaf yake, babu ƙura, babu yana. Ga ƙamshin shinkafa, ga na turaren wuta, a ƙarƙashinsu kuma wani ƙarni kamar na jiƙaƙƙen gashi.

A madafa ya ga faranti a ƙasa, jere a gindin bango. Duk an lashe su tas.

Wani abu ya ɗiga a wuyansa. Sanyi ƙalau.

Bai ɗaga kai ba. Bai iya ba.

Can sama da shi, dab da silin, ana numfashi. A hankali. Kamar na mai jiran da ya gaji da jira.

"Ka daɗe."

Muryar ba ta tsohuwa ba ce, ba ta yaro ba. Duka biyun ce.

"Wa... wane ne?"

"Kai ne ka ɗaga hannu."

Wayar ta suɓuce. Duhu.

Sai ya ji hannunsa na dama yana tashi. Ba shi ya ɗaga ba. Ya danne da na hagu, ina! Ya tashi ya miƙe sambal, daidai yadda ya miƙa shi a zauren gwanjo.

Daga sama wasu yatsu suka sauko. Dogaye, jiƙaƙƙu. Suka kama tafin hannunsa, suka girgiza a hankali, yadda ake yi in ciniki ya faɗa.

Ya nemi Ayatul Kursiyyu, harshe ya ƙi juyawa.

Can nesa ladan ya ɗaga murya.

Yatsun suka ɗan saki. Ya fizge. Ya bugi bango, ya bugi ƙofa, ya faɗa waje da rarrafe. Babu takalmi ya ja mota, sai a harabar masallaci ya tsaya, yana haki kamar ransa zai fita.

Washegari wata dattijuwa mai suyar ayaba a bakin layin ta ba shi sauran labari, tana juya mai ba ta ko kallonsa.

"Tsohon da ka gani, ai shi ne mai gidan. Ba talauci ya hana shi biyan banki ba, da gangan ya ƙi. Abin nan gadon kakanninsa ne. Ba a korarsa, ba a kyautar da shi. Ba ya sakin mutum sai wani ya nema da kansa, a gaban shaidu."

"Me ya hana ki gaya mini?"

"Ka tambaye ni?"

An yi ruƙiyya, an yi sauka, an kira salla a kowace kusurwa. 'Yan haya suka zo, babu wanda ya kwana biyu. Mazlan kuwa duk magariba, ko'ina yake, hannun nan sai ya tashi, sai an kama an girgiza. In yana tuƙi, dole ya gangara gefen titi, fasinja na zaginsa. Rohana ta daina zama kusa da shi in rana ta kusa faɗuwa. Ya rame. Ciwon bayan nan kuwa sai abin da ya ƙaru.

Daga baya ya daina biyan banki. Bai gaya wa kowa dalili ba.

Ranar da aka manna takardar gwanjo a ƙofar gidan, ya je ya tsaya a bakin shinge. Bai daɗe ba wata 'yar ƙaramar mota ta tsaya. Wani matashi ya fito da fara'arsa, matarsa na biye, da tsohon ciki, tana dafe da ƙugu. Suka leƙa, suna nuna inda za su dasa furanni.

"Pak Cik, gidan nan lafiya?"

Mazlan ya dubi cikin nan nata. Wallahi ya so ya faɗa, maganar har ta zo bakinsa. Amma rana ta soma ja, hannun ya fara motsi a cikin aljihu, shi kuma ya gaji.

"Lafiya ƙalau, ɗana," ya ce. "Ko yoyo ba ya yi."